Kwamfuta injiniyarin ko kwamfuta sayans, wanne zan cike a JAMB?

Ɗan_Hotoro:
Salam ƴan uwa, dan Allah ku ban shawara. Bana zan zana JAMB kuma raina na kan kwamfuta injiniyarin, ABU Zariya ko FUT Minna. To Baba ya ce ai ƙarshenta gyaran waya ne a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, me zai sa in ɓata shekara 5, yayana kuma ya ce in ɗau kwamfuta sayans shekara 4 in huta. Wai wane aiki ake samu da shi ne?

Injiniya_Sabo:
Wslm ƙanina. Ka faɗa wa Baba cikin ladabi ba gyaran waya ba ne, kodayake mai gyaran ma yana cin abincinsa. Sayans sun fi karkata ga manhaja, mu kuma ana koya mana cikin na'urar kanta, yadda wuta ke bi ta sakit, yadda furosesa ke karɓar umarni, sai ka rubuta shiri da yaren kwamfuta na C ka ɗora kan ɗan allo irin Arduino ya juya ɗan injin lantarki ko ya kunna famfo in tanki ya yi ƙasa. Amma fa lissafi da fiziks ba wasa, shekarun farko kusan tare za ku yi da ƴan lantarki, wanda ya shigo don yana son buga gem a 200 lebul yake fara kuka. A JAMB Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri za ka zana. In ka gama kana iya rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a kira ka injiniya da hujja, ɗan sayans ba shi da wannan.

Maman_Ilham:
Ni kwamfuta injiniyarin ɗin na karanta, yanzu ɓangaren netwok nake. Aiki akwai, kamfanonin waya irin MTN da Airtel, bankuna, ma'aikatun fasahar sadarwa na gwamnati irin Galaxy Backbone da NITDA, ga masu haɗa sola da kyamarar tsaro suna cin gashin kansu. Sai dai gsky ranar intabiyu ba wanda ya tsaya kan digirina, CCNA, wato satifiket ɗin netwok na kamfanin Cisco, suka tambaya da ko na iya babbar manhajar Linux. Kayan lab ɗinmu duk sun tsufa, abin da ya cece ni wata 6 na SIWES, wato fita koyon aiki a ma'aikata, a 400 lebul, kar ka yarda ka je inda za a aje ka kana sa hannu a littafi kawai.

Bakatsine:
Ni ina bayan yayanka wlh. In dai rubuta manhaja kake so, shekara ɗayan nan asara ce, mu ba ƙera cip ake a ƙasar nan ba, yawancin ƴan injiniyarin ɗin kodin suke komawa.

Injiniya_Sabo:
Suna komawa kam, amma da sauƙi injiniya ya koyi yaren kodin irin Python, ɗan sayans ya zo ya haɗa allo fa?

Ɗan_Hotoro:
Na gode sosai. Anti Maman Ilham, CCNA ɗin sai na shiga jami'a ko zan iya farawa tun yanzu? Laftof ɗin yayana ce kawai a gidan.

Maman_Ilham:
Ta isa. Sauke Packet Tracer, manhajar gwada haɗa netwok, kyauta ne in ka yi rajista da Cisco, amma ka fara gamawa da fiziks ɗin JAMB tukuna.