Gida a Oko-Oba: daga nawa zan fara tayi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. An nuna mini wani gida a Agege nan Legas, wajen Oko-Oba, tsohon gini, ɗaki shida. Dillali ya ce miliyan 45, wai ko sisi ba ragi. Ku da kuka taɓa saye a garin nan, daga nawa ake fara tayi?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Taya 28. In ya ce albarka, sa takalminka ka kama hanya, shi zai neme ka.

Mai Goro: 28? So kake a raka bawan Allah da tsintsiya?

Ɗan Zango: Ji wai. Kai da ake wuni ana rantse-rantse da kai a kan huhu ɗaya, yau kai ne mai kunyar tayi.

Alhaji na Idi Araba: Baban Ummi, ajiye maganar kuɗi tukuna. Tambayi dillalin nan, shi ya taɓa ganin mai gidan ido da ido? Ni a Ikorodu na ga ta kaina. Dillalai huɗu ne a jere, kowa ya ɗora nasa. Ina ta murna na rage miliyan 3, ashe abin da na biya ya wuce abin da masu gidan suka nema tun farko. Wannan ma mai sauƙi ne. Gidan gado ne, magada bakwai, biyar suka sa hannu, aka ce mini sauran biyun ba matsala. Wata biyu da tarewa, ran Asabar ina alwala a tsakar gida, sai ga wata mata da lauyanta, daga Ingila ta taso. Ita ce babbar 'ya, ba wanda ya shawarce ta. Me ke hannuna? Rasit ɗin dangi, takarda ɗaya tal. Sai da na sayar da motata na sallame ta. Da na zo canza kwano kuma, 'yan omonile, masu iƙirarin filin na kakanninsu ne, suka iso a kan babura, suka zauna a kan yashina, wai kuɗin rufi. Kafinta ya sauko ya tattara kayan aikinsa ko sallama bai yi mini ba.

Saboda haka ni a wurina takarda ita ke yanka kuɗi. Gida mai C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, farashinsa daban, mai rasit ɗin dangi daban. Duk takardar da babu, ka lissafa abin da za ka kashe ka samo ta, da na safiyo, da na lauya, ka rubuta a gaban mai gidan, ka ce daga nan za a cire. Ya fi ka tsaya kana cewa a yi maka ragi don Allah.

Hajiya Babba: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Alhaji.

Barista: Alhaji ya gama magana, abu biyu zan ƙara. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka ko gida na da C of O, sayenka bai kammala ba sai an samu amincewar gwamna. A je Alausa, inda ofishin filaye na gwamnatin Legas yake, a binciki takardun kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Gidan dangi kuwa a ƙasar Yarbawa, dole shugaban dangi da manyan gidan su sa hannu tare. Su kuma omonile, tun 2016 zamanin Ambode aka yi dokar da ta haramta abin da suke yi.

Ɗan Zango: Barista, doka tana Alausa, su kuma suna ƙofar gidanka.

Maman Khalifa: Ni dai kada ka yi ciniki da rani. Bari sai Yuni ko Yuli, ranar da aka kwana ana tafka ruwa, ka je da sassafe ba tare da dillali ba. Dubi gindin bango. In ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, shatin ruwa aka rufe. Ka sayi ruwan leda wurin mai shagon layin ka ja shi da hira, shi zai gaya maka gaskiya, har da dalilin da ya sa ake sayarwa. Mai gidan da bashi ya taso gaba ba ya jan ciniki. Kuma ka duba ko ginin ya hau kan kwata, ka ga dai yadda ake rusau.

Bakatsine: Miliyan 45 fa. Wallahi a Katsina sai ka gina gida har da masallaci a ƙofa. Me za ka binne a ƙasar mutane?

Ɗan Zango: Ƙasar wa? A Agege aka yanke mini cibiya. Goro ne ya kawo kakana nan tun zamanin Turawa. Shekara nawa kana ba Bayarabe kuɗin haya kana cewa baɗi za ka koma?

Bakatsine: Baɗi in sha Allahu.

Mai Goro: Tun ina saurayi nake jin baɗin nan.

Hajiya Babba: Ku bar wannan don Allah, mutum shawara ya nema. Ɗana, ku yanke la'ada tun yanzu. Kashi 5 cikin 100 aka saba a sayen gida, kada ranar biya a ce maka 10. Kuma kada ka kai uwargida ta gani tare da dillali. Tawa surukar tana shiga ta ce kai, ga inda zan sa firji. Shi ke nan kuɗi ya ƙi sauka.

Baban Ummi: Hajiya, ai aikin gama ya gama, jiya muka je da ita. Na kira dillalin yanzu, ya ce mai gidan yana Ibadan ba ya son a dame shi, kuma akwai wani da zai biya jibi.

Alhaji na Idi Araba: Wannan mai biya jibin ni ma an yi mini shi. Ce masa Allah Ya sanya alheri, ka kashe waya.

Ɗan Zango: Na ce 28.

Mai Goro: Wai wa ke da lambar mai gyaran janareta na Mile 12 ɗin nan? Tun safe nawa ke tari.