Waɗanda suka koyi tuƙin ƙaramin jirgi a ƙasar waje, ku zo ku ba mu labari

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin fita neman lasisin farko na tuƙin jirgi, wato PPL, kuma duk makarantar da na tuntuɓa sai su ce awa 40 ko 45 na tashi an gama. Dan Allah yayyenmu da suka je da ƙafarsu, ku faɗa mana abin da kuka tarar, ba na cikin talla ba.

Baban Fuffuke: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a Fulorida ta Amurka na yi. Awa 40 ɗin nan ba ƙarya suka yi maka ba, haka dokar FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ta ce, makarantu masu tsarin Part 141, wato waɗanda FAA ta amince da manhajarsu, ma 35 ne, amma mafi ƙarancin kenan, yawancin mutane sai sun haura 60 kafin su shiga jarrabawa, to ka yi lissafin kuɗinka a kan haka. Kuma abin da ya fi cin rai ba jirgin ba ne, takardu ne. Makaranta za ta turo maka fom ɗin I-20 ka nemi bizar ɗalibai ta M-1, sannan ga TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 duk baƙon da zai koyi tuƙi a Amurka sai sun tantance shi sun ɗauki zanen yatsunsa, kuma in amincewarsu ba ta fito ba babu malamin da zai fara da kai, sai ka zauna kana biyan haya kana kallon jirage suna tashi. Ka fara cike nasu tun kana gida. Sannan in lokacin zafi ka je ka riƙa kama layin safe, don da an yi azahar hadari ke haɗowa da tsawa, a soke tashi.

'Yar Gajimare: Ni kam kusa da Johannesburg na yi, can awa 45 ne a dokar SACAA, hukumar jiragen sama ta Afirka ta Kudu. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne tudu. Garin yana wajen mita 1,700 sama da teku, ga zafi, iska ta yi sako-sako, injin ba ya ba da ƙarfinsa duka. Ƙaramar jirgin koyo Cessna 172 ɗin da a bakin teku za ta zabura ta tashi, a can sai ka tura mata wuta har ƙarshe tana ta gudu a kan titi kamar ba ta da niyya, kana hango shingen ƙarshen fili yana matsowa, malami kuma ko a jikinsa, ya naɗe hannu yana cewa jira ta kai gudunta. Tun a ƙasa ake rage man da ke shiga injin kafin a tashi, abin da ɗaliban bakin teku ba su cika damuwa da shi ba. Gsky na ji daɗin hakan daga baya, wanda ya koya a tudu lissafin nauyi da tsawon titi ya zama masa jiki.

Mai Tara Awoyi: Nawa daban ne, da lasisina na Turai na je Arizona ta Amurka tara awoyin tashi kawai. In kana da lasisin wata ƙasa FAA za ta ba ka nata a kan naka a ƙarƙashin sashe na 61.75, amma sai sun tuntuɓi hukumar da ta ba ka ta tabbatar na gaske ne, wannan wasiƙar kuwa ba a rana ɗaya take fitowa ba, kar ka sayi tikiti sai ta zo. Ƙananan abubuwa ne suka fi rikita ni. Mu mun saba saita ma'aunin tsayi da nauyin iska 1013, su a nasu ma'aunin 29.92 suke kira, mai a galan ba lita ba, lambar tiransifonda, na'urar da ke nuna jirgi a rada, 1200 maimakon 7000. Ga filaye barkatai da ba hasumiyar da ke ba jirage umarni, kai za ka riƙa sanar da kanka a rediyo kana baza ido. Daɗin abin yawancin ƙananan filayensu ba a biyan kuɗin sauka, a Turai kuwa kusan ko'ina ka taɓa ƙasa sai ka ciro walat.

Sabon Shiga: Yaya Mai Tara Awoyi, rediyon fa? Shi ne ke ba ni tsoro wlh.

Mai Tara Awoyi: Kowa da shi ya fara. Matakin Turanci na 4 da ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ke nema daban, jin mutumin hasumiya yana zubo magana ba numfashi daban. Ka faɗa masa kai ɗalibi ne, zai sassauta, in ba ka ji ba ka ce ya maimaita, kar ka kuskura ka amsa abin da ba ka gane ba don kunya.

Tsohon Ɗalibi: Ni gargaɗi na zo yi. Kar ka zuba kuɗin kos gaba ɗaya komai rangwamen da suka yi maka. Inda na yi, ba sai na kama suna ba, na biya duka, ashe rabin jiragen suna wajen gyara, ɗalibai sun yi yawa, sai ka yi mako ba ka tashi ba, in ka dawo kuma hannu ya yi sanyi sai an maimaita darasin baya, kuɗi na tafiya. Ga malamai, yawanci samari ne masu tara awa 1,500 don su shiga kamfanin jiragen fasinja, da sun cika sai su yi gaba, sabon malami kuma sai ya ce bari ya ga saukarka tukuna kafin ya sake ka kai kaɗai. Ka tambaye su jirage nawa ke tashi a yau ɗin nan, farashin awa da mai ne ko ba mai, sannan mako nawa ake jiran mai jarrabawa, don shi ma layi ne.

'Yar Gajimare: Wannan gaskiya ne malam. Ƙari a kai, tashi sau uku ko huɗu a mako ya fi sauƙin kuɗi a ƙarshe a kan sau ɗaya.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Toh in na dawo da lasisin FAA shikenan zan hau jirgi a gida?

Baban Fuffuke: A'a fa. Lasisi yana bin rajistar jirgi ne, na FAA na jirage masu lambar N ne. Na ƙasarku sai hukumarku ta amince da shi ko ta juya maka zuwa nata, galibi da jarrabawar dokokin sama da sabon gwajin likita. Ka rubuta musu tun yanzu ka ji sharuɗansu kafin ka zaɓi ƙasa, kuma ranar da za ka baro makaranta ka tabbatar kowane darasi a logbuk ɗinka, littafin da ake rubuta awoyin tashinka, akwai sa hannun malami da lambar lasisinsa, don in ka dawo nemo shi a waya aiki ne.