Neman kalma: me za mu kira filibuster da Hausa?

Mai Shirin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Agaji nake nema, gobe da hantsi za mu ɗauki shiri. Wannan makon rayuwar Strom Thurmond ce a gabana, sanatan Carolina ta Kudu a Amurka wanda ya bar majalisa a 2003 yana da shekara 100. Komai ya kammala sai kalma ɗaya, filibuster. A watan Agustan 1957 mutumin nan ya miƙe a zauren majalisar dattawa ya yi awa 24 da minti 18 yana magana, don kawai kada a kai ga kaɗa ƙuri'a kan dokar kare 'yancin baƙar fata na yin zaɓe. Kalmar za ta yi ta fitowa a shirin, ba zan iya tsayawa bayani kowane karo ba. Gajeriya nake so, wadda mai shayi zai ji ya gane.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Dogon turanci. An gama, kowa ya kama gabansa.

Bazazzagi: Bakano kenan, ko a kalma sai ya nemi araha. Dogon turanci na wanda ya rasa abin faɗi ne yake kewaye-kewaye. Shi wannan da niyya ya zo, har an ce sai da ya yi ta shiga ɗakin tururi don ya rage ruwan jikinsa kada fitsari ya tashe shi. Dokokin zaɓe na jihohi ya ɗauko yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da takardar ayyana 'yancin kan Amurka. Ni jan ƙafa zan ce.

Malama Tafinta: Jan ƙafa ba zai yi ba. Mai jan ƙafa shi ne aikin ke hannunsa yake nawa. A nan masu rinjaye sun shirya tsaf, wani ne ya tare musu ƙofa. Hana ruwa gudu ya fi kusa, sai dai jimla ce, ba ta zama suna cikin sauƙi. Ƙafar ungulu kuma a ɓoye ake yin ta, wannan kuwa a bainar jama'a ne, dokar majalisar ce ma ta yarda da shi.

Hajiyar Gusau: Tarnaƙi.

Ɗan Fagge: To babakere? Babakeren magana.

Tsohon Hedimasta: Ku dakata. Hausa tana da ma'aunin da take ƙera irin waɗannan sunaye, aikatau da abin da ya biyo shi: dafa-duka, fasa-ƙwauri, hana-salla, ƙi-faɗi. A ƙa'idar majalisar tasu, muddin sanata yana tsaye yana magana zauren nasa ne, yana zama ya saki. Saboda haka sunan abin ƙi-zauna. Namiji ne. Thurmond ya yi ƙi-zauna na awa 24. Ku furta ku ji yadda ya zauna a baki.

Malama Tafinta: Allah gafarta Malam, in dai wannan ma'aunin ne, hana-ƙuri'a bai fi faɗin manufar ba?

Mai Shirin Tarihi: Yaya, na gwada shi ya ruɗa ni. Shirin gaba ɗaya kan yadda a da ake hana baƙar fata ƙuri'a ne a jihohin kudu, da harajin zaɓe da jarrabawar karatu. In na ce ya yi hana-ƙuri'a don a ci gaba da hana ƙuri'a, mai sauraro zai zaci harshena ne ya harɗe.

Tsohon Hedimasta: Kin gani. Ƙi-zauna ba shi da wannan illa.

Yaron Kafe: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. A ce filibasta. Mun ce sanata, mun ce gwamna, mun ce firamare, sama ba ta faɗo ba.

Tsohon Hedimasta: Inna lillahi. Yaro, wannan lalacin shi ya kai mu inda muke. Magabata da suka ji sunan ƙungiyar ƙasashen duniya ba su kwashe shi ɗanye ba, suka zauna suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka ce jirgin sama, aka ce zaɓen fid da gwani, aka ce bulaliyar majalisa. Ku kuwa duk abin da Bature ya tofar sai ku lanƙwasa masa wutsiya ku ce Hausa ce. Ko sanatan da kake taƙama da shi, ɗan majalisar dattawa ne sunansa.

Yaron Kafe: Baba, da girmanka. Majalisa da duniya duk na Larabawa ne, ɗinkin kawai ne namu. Kuma sunanka na zauren nan Hedimasta.

Ɗan Fagge: Wayyo cikina.

Tsohon Hedimasta: Aron da ya yi shekaru aru-aru a cikin harshe ya zama ɗan gida. Kada ka haɗa shi da baƙon da ya sauka jiya da dare. Suna kuma laƙabi ne da ɗalibaina suka sa mini, ba ni na zaɓa ba.

Bazazzagi: Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Asalin kalmar daga harshen Holan take, ta biyo ta Sifaniyanci, ma'anarta ɗan fashin teku. Wato ɗan majalisa ya yi fashin lokacin majalisa. A ce fashin zaure mana, mu koma tushe.

Malama Tafinta: Ka faɗi fashi a rediyo a Arewa a wannan zamani ka ga abin da mutane za su fahimta. A'a.

Ɗan Tawa: Ina da magana. Kullum in anka zo ga wanga batu sai ku 'yan Najeriya ku yanke, mu kuma mu bi. Filibasta ba ta nufin komi a kunnen mutumen Tawa ko Maraɗi, mu da Faransanci munka yi lakwal, can kuwa obstruction suka ce ma abin. Kun cika Hausa da Ingilishi kuna kiranta daidaitacciya, in munka ce mushe ko lakwal ku yi dariya. In dai shirin za shi ƙetare iyaka, a sa kalmar da kakanninmu duka sunka sani.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, ba laifinmu ba ne Hausar Kano ce ta littafi.

Ɗan Tawa: Hausar kasuwa dai. Ku da kunka haɗiye rabin harufa.

Bazazzagi: Faɗa masa. Ko ɗab'in littafin ma a Zariya aka fara yi musu.

Tsohon Hedimasta: Mutumin Nijar ya yi gaskiya, kuma ƙi-zauna Hausa ce tsantsa daga Agadas har Kumasi. Na riga na fitar da mai aikatawa: ɗan ƙi-zauna, jam'i 'yan ƙi-zauna. Huey Long na Louisiana ɗan ƙi-zauna ne, a 1935 ya yi sama da awa 15 har yana karanta wa sanatoci yadda ake girki. Robert Byrd ɗan ƙi-zauna ne, awa 14 da minti 13 a 1964. Ku kawo wata kalma da za ta yi wannan aiki.

Mazaunin Maryland: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙo sun taru. Baba Hedimasta, a yi mini afuwa, amma akwai matsala a gindin kalmarka. Abin da kuke siffantawa tsohon yayi ne. Yau yawancin filibuster a zaune ake yin sa, babu mai miƙewa, babu mai cewa uffan. Sanatoci 100 ne. Ƙuduri yana wucewa da rinjaye kaɗan, amma kafin a rufe muhawara a kai ga ƙuri'ar sai an sami 60. Marasa rinjaye su sanar da cewa ba su yarda a rufe ba, shi kenan, in ba a haɗa 60 ba ƙudurin ya kwanta, kowa ya tafi cin abinci. Dokar rufe muhawara a 1917 aka kafa ta, zamanin Shugaba Woodrow Wilson, da kashi biyu cikin uku. A 1975 aka sauko da ita zuwa 60. A 2013 shugaban masu rinjaye Harry Reid ya cire wannan sharaɗi a kan naɗin yawancin alƙalai da jami'an gwamnati, a 2017 magajinsa Mitch McConnell ya cire shi a kan alƙalan kotun ƙoli, amma a kan dokoki yana nan. To in jarida ta ce 'yan jam'iyya kaza sun yi filibuster, mu ce sun yi ƙi-zauna alhali suna zaune?

Yaron Kafe: Ƙi-zauna na zaune.

Mazaunin Maryland: Ga kuma ɗaya gefen. Cory Booker na New Jersey, tsohon magajin garin Newark, ya fara magana ranar 31 ga Maris 2025 da ƙarfe bakwai na yamma, bai sauka ba sai da ya yi awa 25 da minti 5, ya shafe tarihin Thurmond. Bai zauna ba, bai fita ba. Amma ba wani ƙuduri ya tare ba, adawa yake nunawa da manufofin Donald Trump, shi ya sa masana majalisar da yawa ba su lissafa shi a filibuster ba. Kun ga ga wanda ya ƙi zama amma ba abin ba ne, ga masu yin abin kuma a zaune.

Mai Shirin Tarihi: Kai, wannan ya taimake ni. Da Booker nake son rufe shirin, baƙar fata ya zo ya karɓe kambun daga hannun mutumin da ya kafa shi don danne baƙar fata. Shi ma Booker ya ambaci hakan a jawabin. Da na kira su da suna ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Kalma ba ta mutuwa don al'ada ta canja. Har yau ana cewa an buga waya, wa yake buga wani abu?

Malama Tafinta: Wannan tsohuwar kalma ce ta tsufa da ma'anarta, Malam. Taka yau aka haife ta, bai kamata a haife ta da kuskure ba.

Uban Tafiya: Ni tambayata daban ce. Me ya sa za a ɓata rabin awa na rediyo a kan mai wariyar launin fata? A 1948 takarar shugaban ƙasa ya tsaya a kan wariya zalla, ya ci jiha huɗu. A 1964 ya bar Dimokurat ya koma Rifablikan, shekarar da aka sa hannu kan babbar dokar 'yancin baƙar fata. Mun rasa mutanen kirki ne?

Mai Shirin Tarihi: Alhaji, ba yabo zan yi ba. Rayuwar tasa ce abin dubawa. Bayan rasuwarsa a 2003 wata dattijuwa, Essie Mae Washington-Williams, ta fito ta ce ita 'yarsa ce, mahaifiyarta baƙar fata ce mai aiki a gidansu, danginsa kuma suka amsa. Duk awa 24 ɗin nan yana magana ne yana sane da ita. Kuma a banza ya yi, bayan ya sauka ba da jimawa ba aka kaɗa ƙuri'a doka ta wuce, Shugaba Eisenhower ya sa hannu. A 1983 shi ɗin ne ya goyi bayan ranar hutu ta tunawa da Martin Luther King, Joe Biden ya yi jawabi a jana'izarsa. Mai sauraro ya yi nasa hukuncin. Amma don Allah mu koma kan kalma, dare yana yi.

Hajiyar Gusau: Tun ɗazu na ce tarnaƙi, kuna ta faɗan Kano da Zariya. Gidanmu gidan dawaki ne. Doki in an yi masa tarnaƙi ba a kashe shi ba, ba a kuma ɗaure shi a turke ba, yana nan tsaye da ƙarfinsa, tafiya ce dai ba ya iya yi sai an kwance. Abin da ɗana na Amurka ya bayyana kenan. An yi wa ƙuduri tarnaƙi, ana bukatar mutum 60 su kwance. A tsaye aka ɗaura ko a zaune, ba ruwan kalmar.

Malama Tafinta: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Har ta ba mu kishiyarta kyauta. Rufe muhawarar nan da na daɗe ina fama da shi a fassara ya zama kwance tarnaƙi. A 1964 'yan kudu sun yi wa dokar tarnaƙi na kwanaki 60 na zaman majalisa, ranar 10 ga Yuni aka kwance da ƙuri'a 71 da 29. Ji yadda ya tafi.

Ɗan Tawa: Wagga mun san ta. Na yarda.

Bazazzagi: Ina da ja kaɗan. 'Yan jarida sun riga sun cinye kalmar, komai ya kawo tarnaƙi, ruwan sama ya kawo tarnaƙi, rashin kuɗi ya kawo tarnaƙi. Wa zai gane dabara ce ta musamman mai ƙa'ida?

Malama Tafinta: A ce tarnaƙin majalisa a karon farko da bayani jimla ɗaya, daga nan tarnaƙi kawai. Na tsaye irin na Thurmond da Byrd, jawabin tarnaƙi.

Yaron Kafe: Gaɓa bakwai a maimakon huɗu. Nan da shekara biyar filibasta za ku ji a bakin kowa, ku rubuta ku ajiye.

Tsohon Hedimasta: Tarnaƙi ba fassara ba ce, kwatance ne. Sanata ba ɗan doki ba ne.

Ɗan Fagge: Ƙudurin ne dokin, Baba.

Mai Shirin Tarihi: Ga yadda na sa: "A 1957 Thurmond ya yi jawabin tarnaƙi na awa 24 da minti 18, wato dogon jawabin da sanata ke yi a tsaye don hana majalisa kaiwa ga ƙuri'a." Na Booker kuwa na bar shi jawabi mafi tsawo a tarihin majalisar. Na gode ƙwarai, Hajiya na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon Hedimasta: Sa'a 24, ba awa ba. Kuma tunda kun ce na Booker ba tarnaƙi ba ne, ba shi da suna kenan. To wannan shi ne ƙi-zauna.

Malama Tafinta: Malam, a wannan kam ban da ja.

Mai Shirin Tarihi: Zan duba in minti ya ishe ni, Baba. Ban yi alkawari ba.

Tsohon Hedimasta: Ki sa karan ɗori tsakanin ƙi da zauna.

Yaron Kafe: Rediyo ce fa.