Gwangwanin kuɗin da na gada: in wanke su ko in bar su haka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan rasuwar kakata aka ba ni wani gwangwani da ke ƙasan adakarta, cike da kuɗin da. Akwai anini da ɗari da kwabo masu huji, da sulalla masu bishiyar kwakwa, da wata ƙatuwar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Wasu kwabban kuma na 1936 ne, da sunan EDWARDVS VIII. Da yawa sun yi kore-kore. Maƙwabcina ya ce in jiƙa su a lemon tsami in goge da toka, wani kuma har ya taya duka. Me kuka gani?

Wani dattijo daga Zariya: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙanta. Ɗana, don Allah kada toka ta taɓa su. Kana gogewa za su yi ƙyalli, amma ka karce fuskarsu, kuma mai saye na gaske kallo ɗaya zai yi ya rage farashi. Baƙin da shekaru suka sa musu shi ake so. Idan za ka ɗauka, ka kama ta gefe.

Ita mai 1780 dalar Mariya Tereza ce ta Ostiriya. Kada shekarar ta ruɗe ka: a 1780 sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara har zamaninmu. Azurfa ce mai kyau, nauyinta wajen giram 28, ka sa maƙerin farfaru ya auna.

Wata 'yar'uwa: Amma Baba, ba Edward VIII ne ya sauka daga sarauta a wannan shekarar ba? Ai kuwa nasa sai tsada.

Dattijon: Shi ne, 'yata. A Ingila kuɗinsa bai shiga hannun jama'a ba, amma na Afirka ta Yamma an buga su jingim, shi ya sa ba su da wuya. Inda ake dace shi ne kuskuren bugu. Kwabo mai huji ba shi da hoton sarki, kambi ne da suna. To akwai na 1956 da ya fito da sunan GEORGIVS, alhali George VI ya rasu tun 1952, sunan Elizabeth ya kamata a gani. An haɗa tsohon hatimi da sabuwar shekara ke nan. Ka zauna da madubin ƙara girma ka duba suna da shekara ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga.

Wani mamba daga Kano: Ni batun ajiya zan yi. Guji kundin nan mai leda mai laushi da warin roba, PVC ce, tana sakin wani kore mai danƙo a jikin kuɗi. Nemi kwali mai tagar Mylar, wata leda ce garai-garai da ba ta ɓata kuɗi, kowanne da ɗakinsa, ka rubuta shekara a jiki. Masu koren ka ware su daban. Kafin damina ka jefa 'yan ƙunshin silika masu shanye danshi a ma'ajiyar, irin na kwalin sabon takalmi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Shi mai tayin fa?

Dattijon: Ce masa sai ka gama tantancewa. In ya matsa a yi yau-yau, to akwai abin da ya hango a gwangwanin.