Motata na kafewa a hanyar gona: LSD zan gyara ko dif-lok zan sa?

Manomin Deba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gonar masara da shinkafa a ƙasar Yamaltu/Deba, ta wajen Dadin Kowa. Daga Gombe har inda nake sauka daga kwalta babu matsala, amma ragowar hanyar baƙar ƙasa ce, da ruwan Agusta ya zauna sai ta koma laka zalla.

Ranar Talatar da ta wuce na ɗauko buhu 12 na taki a Hilux ɗina, na sa giyar taimako mai jan tayoyi huɗu tun kafin in shiga taɓon. A bakin wani kwazazzabo motar ta karkace ta tsaya. Na bar yarona a sitiyari, na sauka na duba da idona: tayar baya ta hagu tana ta juyawa tana watso laka har saman gilashi, ta dama kuwa tana zaune daram a kan busasshiyar ƙasa, ko motsi ba ta yi. A gaba ma haka, ɗaya na gudu ɗaya na kallo. Sai da muka sauke takin nan kaf, samarin ƙauyen suka tura, ba mu bar wurin ba sai bayan isha'i. Buhu biyu sun jiƙe.

Wanda ya sayar mini da motar ya ce akwai LSD a bayanta, wato na'urar da ke rage wa taya ɗaya wulwulawa ita kaɗai. To ina amfaninsa? In gyara shi ne, ko in haƙura in sa dif-lok, makullin da ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare? Kuɗin ba kaɗan ba ne, ba na so in kashe sau biyu.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka kashe ko sisi, ka yi wannan gwajin. Ka sa wa tayoyin gaba dutse, ka ɗaga bayan motar da jak har tayoyi biyu su bar ƙasa, giya a firi, ka saki birkin hannu. Juya taya ɗaya da hannunka. Idan ɗayar ta bi ta suka juya gefe guda, LSD ɗinka mai faranti yana da rai. Idan ta juya baya, to ko dai babu shi tun asali, ko farantan sun cinye.

Aikin difaranshal, wato giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu, shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Matsalarsa, ƙarfin da yake ba kowace taya ba ya wuce abin da mai santsin za ta iya riƙewa, shi ya sa ka ga ɗaya na wulwulawa ɗaya na zaune. LSD irin na tsofaffin Hilux faranti ne a ciki kamar na kuloci, suna ɗan riƙe tayoyin biyu tare. Ɗan riƙewa na ce, ba ɗaurewa ba. Kuma suna cinyewa da shekaru. Yana da man giyarsa na musamman, za ka ga an rubuta LS a jikin galan. In aka zuba masa na gama-gari sai ya dinga gurnani yana karkarwa a kwana. Na buɗe da yawa a garejina, sai in tarar farantan sun yi sumul kamar bayan cokali, mai motar kuma bai sani ba.

Ko sabo ne, in taya ɗaya ta rataye a sama, abin da zai tura wa ɗayar ba lallai ya fitar da mota mai ɗauke da buhu 12 ba.

Direban Tula:

Yallaɓai, ni dif-lok zan ce maka, ba na ko tantama. Na yi shekaru ina jan Land Cruiser 79 tsakanin Kaltungo da ƙauyukan kan dutsen Tula, mai makulli gaba da baya daga kamfani. A hawan duwatsun nan sau da yawa taya ɗaya a iska take. Ka tsaya, ka sa ƙaramar giya, ka murɗa makunnin, ka jira wutar ta daina ƙiftawa. Daga nan tayoyin baya sun zama kamar an haɗa su da ƙarfe ɗaya, duk wadda ta taka ƙasa ita za ta ja motar.

Amma yana da sharaɗi, kuma ni na koya da tsada. Ba a kunna shi taya tana cikin wulwulawa, sai ka ɗaga ƙafa daga totur ta tsaya. Da ka fita daga wurin kuma ka kashe shi. Wata rana na mance shi a kunne na hau busasshiyar hanya da kaya, motar na ƙin shan kwana ina tilasta mata, ban ankara ba na ji ƙas, shaf, ƙarfen da ke juya tayar, ya tafi. Kwana biyu muka yi a wurin.

In za ka saya, ka nemi wanda kai ke kunnawa da kashewa. Akwai mai aiki da iska irin na ARB, 'yan Ostireliya, wanda sai an haɗa masa kwamfaresa da siririn bututu, akwai mai aiki da lantarki. Wanda ke kulle kansa da kansa, irin Detroit Locker, ban ba ka shawararsa ba, tunda yawancin tafiyarka a kwalta ce: yana ƙara a kwana, yana cin taya, in an yi ruwa kuma yakan sa bayan mota ya zame. Na baya kaɗai ya ishe ka.

Ɗan Kumo:

Ban ƙi maganar direba ba, amma wace irin taya ce a motar, Alhaji? Baƙar ƙasar nan in ta cika zanen taya, ko ka kulle duka huɗun juyawa kawai za su yi, har motar ta nutse ta zauna a kan cikinta. Ni tayar laka mai manyan haƙora na sa, ina rage iska kafin in shiga taɓo. A baya kuma LSD mai haƙoran ƙarfe ne, irin Truetrac, babu farantin da zai cinye, babu makunnin da yaro zai mance. In taya ɗaya ta fara gudu sai in ɗan ja birkin hannu, nan take ɗayar ta kama. Ka kuma yi tunanin wa zai gyara maka bututun iska in ya huje a daji.

Manomin Deba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba bakanike, na yi gwajin da safen nan, ɗayar tayar ba ta bi ta ba, baya ta juya. Mun zare mai kuma, baƙi ƙirin, da ɗan garin ƙarfe a jikin murfin. Ɗan Kumo ka yi gaskiya, tayoyina na kwalta ne, su zan fara canzawa a makon nan. Amma kwazazzabon can rataye taya yake yi, ba santsi kaɗai ba, don haka bayan girbi mai lantarkin zan sa a baya in sha Allah.

Tsohon Bakanike:

Madalla. In za ka je saye, ka tafi da lambar jikin motar, a kuma zare shaf ɗaya a ƙirga haƙoran bakinsa, don ba duka Hilux ne nasu ya zo ɗaya ba. Wayar kuma a bi da ita ta saman aksil a ɗaure ta sosai, kada kututturen gona ya fizge ta.