Wanda ya karanta littafin Akira ya taimaka min, haka Tetsuo ya ƙare?

Bakaniken Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni gyaran mashin nake yi a Gombe, shekara 11 ke nan. Katun ba ya cikin abin da nake kallo, amma makon jiya wani yaron shagona ya nuna min hoton wani jan mashin a wayarsa, dogo, kujerarsa can ƙasa kamar mutum zai kishingiɗa a ciki. Ya ce na wani yaro Kaneda ne a fim ɗin katun na Japan mai suna Akira. Saboda mashin ɗin na ce ya tura min. Na kalla daren Juma'a, na sake kallo ran Asabar.

Inda Kaneda ya taka birki ya kwantar da mashin gefe yana zamewa a kan kwalta, na mayar da wurin baya ya fi sau biyar. Amma wanda ya hana ni barci Tetsuo ne, abokin Kaneda. Tun farkon fim an gan shi zaune a kan mashin ɗin Kaneda yana shafa shi, Kaneda ya zo ya ce masa ya fi ƙarfinsa. A gidan marayu suka tashi tare, kullum aka taɓa Tetsuo Kaneda ne ke shigar masa. Da sojoji suka ɗauke shi suka yi gwaji a kansa ya samu ƙarfin da ya wuce hankali, abin da ya fara fitowa daga bakinsa haushin wannan shigar masa ɗin ne.

Ina da ƙani, ɗan ƙanin babana, a hannuna ya koyi aiki. Shekara huɗu ban taɓa barinsa ya gwada mashin ɗin kwastoma bayan gyara ba, sai wankin kabireta da miƙo sifana. Ni a ganina kare shi nake yi. Ya bar shagon ya faɗa cikin 'yan Kalare, 'yan daban Gombe, da ƙyar da addu'ar iyaye ya dawo. Ranar da muka zauna ya ce min, "Yaya, ba ka taɓa tambayata abin da na iya ba." Wallahi fuskarsa na riƙa gani a fuskar Tetsuo.

To ƙarshen ne ban gane ba. Wane ne Akira, tunda gaɓoɓi kawai na gani cikin kwalabe? An ce akwai littafi. Shi ma haka ya tafi?

Ɗan Yelwa, Bauchi:

Wa alaikumus salam Yaya. Ba kai kaɗai ka rikice ba, kuma akwai dalili. Katsuhiro Otomo ya fara zana labarin a mujallar Young Magazine a 1982, bai gama ba sai 1990. Fim ɗin kuwa, wanda shi da kansa ya ba da umarninsa, a 1988 ya fito. Ka ga littafi bai ƙare ba aka yi fim. Kundi 6 ne, shafi sama da 2,000, aka matse cikin awa biyu da 'yan mintuna.

A littafin Akira da ransa. Ƙaramin yaro ne mai lamba 28 cikin waɗanda aka yi gwaji a kansu, wanda gwamnati ta daskarar a ƙarƙashin filin wasan Olamfik saboda shi ya tarwatsa Tokyo tun farko. Tetsuo, mai lamba 41, ya fito da shi, a tsakiyar labari yaron ya sake rusa sabon birnin. Daga nan rabin labarin da ba ka gani a fim ba yake farawa: Tetsuo ya ɗora Akira a kan kujerar sarauta cikin kufai, yana mulkin masu jin yunwa da abinci da ƙwayoyi. Tsohuwar nan Miyako da ta ɗan gifta a fim, a littafi ita ce ke tattara marasa lafiya a haikalinta tana ja da shi.

Abin da ya taɓa ka yana nan, har ya fi. Tetsuo ya samu mabiya da sarauta amma ciwon kai bai bar shi ba, zancen Kaneda kuma bai fita daga ransa ba. Idan ka samu bugun da ya bi tsarin Japan, daga dama zuwa hagu za ka karanta, kamar allo. Wasu bugun Turanci sun juya shi.

Malamar Firamare, Tudun Wada:

Malam, don Allah ka duba shekarun yaron da ya tura maka. Akwai jini, da shan ƙwaya, da wurin da aka ci zarafin yarinya. Ni ban yarda ɗan ƙasa da 16 ya kalla ba. Nawa yaran Astro Boy na sa musu, na Osamu Tezuka, wanda ya fara zana shi a 1952 aka mayar da shi katun ɗin talabijin a 1963. Shi ma ba wasa ba ne. Uba ne ɗansa ya mutu a haɗarin mota, ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa, da ya ga ba ya girma sai ya yasar da shi. 'Yata ta yi kuka a wurin.

Ɗan Yelwa, Bauchi:

Gaskiya ne Malama. Na manta ban ce ba, farin hasken nan da ya haɗiye gari a buɗe fim, mutanen da aka jefa wa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ba sa kallonsa kamar yadda muke kallo. Kuma fim ɗin ya sa labarin a 2019, ana shirin Olamfik na 2020 a Tokyo, shekaru da yawa kafin a ba birnin gasar.

Bakaniken Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, yaron shekararsa 19, amma na ce masa kar ya tura wa ƙananan shagon.

Na sake kallon ƙarshen bayan bayaninka, ɗan'uwa Ɗan Yelwa. Cikin hasken da ya bayyana a ƙarshen Kaneda ya ga yarintarsu, ranar da aka ƙwace wa Tetsuo abin wasansa shi ya dawo masa da shi. Jiya da yamma na gama ɗaura injin wata Bajaj, ƙanin nawa yana tsaye, na miƙa masa makulli na ce ya zagaya da ita har hanyar Dukku ya dawo ya gaya min abin da ya ji. Ya dawo ya ce giya ta uku tana ƙara. Na duba, haka ne.

A ina ka samu kundi na 4? Daga nan nake so in fara.