Yaya za mu reni sababbin masu bi har su kafu?

Dattijon ikkilisiya:
Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Majami'armu tana cika maƙil ranar Lahadi, amma idan aka kira nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, benci biyu ma ba sa cika, kuma wasu da aka yi wa baftisma bara sun ɓace ba wanda ya neme su. Abin yana hana ni barci. Me kuke yi a wurinku?

Malamar makarantar Lahadi:
Baba, damuwarka irin ta manzo Bulus ce. A 1 Tasalonikawa sura 3, da ya kasa jurewa, sai ya zauna a Atina shi kaɗai, ya aiki Timoti ya ƙarfafa bangaskiyar masu bi na Tasalonika. A ganina, a haɗa kowane sabon tuba da babban mai bi guda, wanda zai ziyarce shi, ya yi addu'a tare da shi, ya kuma lura da ranar da kujerarsa ta zama wofi.

Mai bishara:
Na yarda da Mama. Sai dai a duba koyarwar kanta, domin Ibraniyawa 5:12 ta tsawata wa waɗanda ya kamata su zama malamai amma har yanzu madara suke bukata. Ku raba nazarin zuwa ƙananan ƙungiyoyi a gidaje, inda mai jin kunya zai iya yin tambaya.

Dattijon ikkilisiya:
Na gode. Zan kai shawarwarin nan gaban majalisar dattawa.